Waziri Junaidu: Malamin da ya riƙe tarihin Sakkwato

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin Daular Usmaniyya da aka wallafa daga shekarun 1960 zuwa yau, a Zariya ne ko a Ibadan ko a Landan, da wuya ya kai ƙarshensa bai ci karo da sunan Alhaji Junaidu, Wazirin Sakkwato ba.

Marigayin, wanda Allah ya yi wa rasuwa a watan Janairun 1997, ya riƙe sarautar waziri har kusan shekara 49, tsawon zamanin da babu ko ɗaya daga cikin magabatansa da ya samu.

Ya gaji muƙamin ne bayan Turawan mulkin mallaka sun riga sun rage masa ƙarfi, kuma a kan idonsa gwamnatocin soja suka kwashe mafi yawan abin da ya saura. Abin da babu wanda ya karɓe daga gidan shi ne takardu, wato wasiƙu da littattafai da waƙoƙin da aka yi fiye da ƙarni guda ana tarawa. A kansu ne ya gina sunansa.

Gidan waziri

Sarautar waziri a Sakkwato gadon gida ɗaya ce. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙaninsa Malam Abdullahi ne ake kira waziri. Da Shehu ya rasu a shekarar 1817, Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, sai ya jawo amininsa Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima ya ɗora shi a kan muƙamin. Tun daga lokacin sarautar ta zauna a zuriyar Giɗaɗo, har ma unguwar da suke zaune a cikin birnin ta ɗauki sunansu, ana kiranta Giɗaɗawa.

A ƙarni na 19 aikin waziri ba ƙarami ba ne. Shi ne ƙofar Sarkin Musulmi ga manyan masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau. Yana zagayawa da kansa, yana kai takardar naɗi, yana sasanta rikicin gado, yana kuma duba abin da masarautu ke aikawa Sakkwato. A gidansa magatakarda ke rubuta wasiƙun daula, kuma a nan amsoshin sarakuna ke sauka.

Baƙin da suka zo daga nesa ma a hannunsa suke. Lokacin da Baturen nan ɗan yankin Sikotilan, Hugh Clapperton, ya isa Sakkwato a shekarar 1824, Giɗaɗo ne ya zama mai masaukinsa. Clapperton ya sake dawowa bayan shekara biyu, kuma a Sakkwato ajali ya cim masa a watan Afrilun 1827.

Giɗaɗo ya auri Nana Asma'u, 'yar Shehu, malama kuma mawaƙiya da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Shi kansa marubuci ne. Ya rubuta Raudul Jinan a kan karamomin Shehu da jama'arsa, ya kuma rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayen Muhammadu Bello bayan rasuwar Bellon a shekarar 1837. Ɗansa Abdulƙadir, wanda ya karɓi sarautar daga hannunsa tun yana raye, ya bi sahu da nasa littafin mai suna Anisul Mufid.

Ke nan tun daga tushe, riƙe labarin daula wani ɓangare ne na aikin gidan. Junaidu tattaɓa-kunnen Giɗaɗo ne ta wajen mahaifinsa Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo.

Shawarar da mahaifinsa ya yanke

Ba a fahimtar rayuwar Junaidu sai an koma ga abin da ya faru shekara uku kafin a haife shi.

A ranar 15 ga watan Maris na 1903, dakarun Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar birnin. Faɗan bai daɗe ba, domin dawakai da masu ba su iya tinkarar igwa da bindigar Maxim.

Attahiru ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa kuma suka bar gonakinsu da gidajensu suka bi shi. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, inda ya yi shahada a ƙarshen watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya tare da waɗanda suka tsira, har suka yada zango a ƙasar Sudan, a garin da ake kira da sunansa.

Waziri Buhari kuwa bai bi su ba. Ya tsaya a ƙauyen Marnona tare da sauran jama'ar da suka watse daga birnin, ya tara malamai aka duba littattafai. Abin da suka cimma shi ne, idan shugabanni da malamai duka suka tafi, talakawan da ba su da halin tafiya za su zauna ba mai jagora, ƙasar kuma za ta fita daga hannun Musulmi baki ɗaya. Sun kafa hujja da cewa shari'a ta yi rangwame ga wanda aka fi ƙarfi ya yi sulhu a zahiri, matuƙar ba a hana shi addininsa ba.

Da wannan hujja Buhari ya koma Sakkwato. A ranar 21 ga watan Maris, Lugard ya tsaya a gaban taro aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu a matsayin Sarkin Musulmi.

To sai dai zuciyar wazirin ba ta kwanta ba. Ya shiga damuwa ƙwarai a kan ko abin da ya yi ya taɓa imaninsa, har ya aika wa Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, yana neman fatawa, shi kuma ya kwantar masa da hankali. Daga bisani ya rubuta wata doguwar wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi da tunani, inda ya bayyana yadda aka yi da kuma dalilansa. Masanin tarihi R. A. Adeleye ya yi nazarin wannan takarda a shekarun 1960, kuma tana cikin muhimman shaidun da ake da su a kan yadda shugabannin Sakkwato suka ji faɗuwar daularsu a ransu.

Har yau ana muhawara a kan wanda ya fi dacewa tsakanin wanda ya tafi da wanda ya zauna. Abin da babu gardama a kansa shi ne, da Buhari ya bi hanyar Burmi, da wuya takardun gidansa su tsira yadda suka tsira.

Tasowa

An haifi Junaidu a birnin Sakkwato a shekarar 1906. Shekarar ce ta yaƙin Satiru, lokacin da mutanen wani ƙauye da ke kudu da birnin suka tayar wa Turawa, suka kashe wasu jami'ansu. Sarakunan Sakkwato sun tsaya a bayan Turawa, kuma a watan Maris aka rushe ƙauyen, aka kashe mutane kimanin 2,000. Daga nan hulɗar fada da sababbin masu mulki ta ɗauki kamannin da ta zauna a kai har zuwa samun 'yancin kai.

Yana da shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, a shekarar 1910. Ya tashi a hannun baffansa da yayyensa, waɗanda rawanin waziri ya riƙa zagayawa a tsakaninsu.

Karatunsa na zaure ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihun Malikiyya da nahawu da lugga da tafsiri a gaban malaman birnin, cikinsu har da Malam Abubakar Bube, wanda ya yi suna wajen sanin Larabci, da kuma Alfa Nuhu, mutumin Masina ta ƙasar Mali ta yanzu. Ya ƙware a waƙar Larabci, ya kuma riƙe Fulatanci a zamanin da harshen ke ja da baya a gidajen sarautar birni, saboda Hausa ta mamaye ko'ina.

Wannan riƙo da Fulatanci ya yi masa rana daga baya. Da yawa daga cikin waƙoƙin Shehu da na Nana Asma'u da wannan harshe aka yi su, kuma irin Fulatancin malaman ƙarni na 19 ne, wanda ba kowane Bafulatani ke warware shi ba.

A shekarun 1930 ya fara koyar da Larabci da addini a makarantar Midil ta Sakkwato, makarantar da Ahmadu Bello ya koyar kafin a naɗa shi hakimin Rabah, wadda kuma Shehu Shagari ya yi karatu a cikinta. Bayan Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya hau gadon sarauta a shekarar 1938, aka jawo shi fada yana ba da shawara a kan shari'a. A shekarar 1948, da yayansa Waziri Abbas ya rasu, aka naɗa shi waziri. Ya yi shekara 40 cur yana wannan aiki tare da Sarki Abubakar.

Tsince-tsincen labarai

Babban littafinsa na tarihi shi ne Dabɗul Multaƙaɗat, da Larabci. Sunan littafin ma ya nuna yadda ya ɗauki aikinsa, wato tattara labaran da suka warwatsu a cikin rubuce-rubucen magabata, a daidaita su wuri guda. Ya ɗebo daga Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, da Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi, da littattafan kakanninsa, sannan ya ƙara da abin da ya ji daga bakin dattawan da suka ga ƙarshen daular da idonsu.

Da Hausa kuwa, littafinsa Tarihin Fulani ya fito daga Zariya a shekarun 1950, a zamanin da ake ƙoƙarin samar wa masu karatun boko da na yaƙi da jahilci abin karantawa da harshensu. Littafin ya ɗauko labari daga asalin Toronkawa da tasowarsu daga Futa Toro, ya bi ta kan jihadi, sannan ya jero sarakunan Musulmi ɗaya bayan ɗaya da abubuwan da suka faru a zamanin kowannensu.

Kafin wannan lokaci, ɗan makarantar da ke son sanin tarihin jihadi yakan dogara ne da abin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta, irin su E. J. Arnett, wanda ya fitar da fassarar Infaƙul Maisur da Turanci a shekarar 1922. A idon mafi yawan waɗannan jami'ai, abin da ya faru a 1804 bai wuce wata ƙabila ta ƙwace mulki daga hannun wata ba. Littafin Junaidu ya mayar da labarin kan yadda masu jihadin suka ɗauki kansu, wato jama'ar malamai da almajirai masu neman gyara.

Wani abin da ya bambanta shi da sauran malaman zamaninsa shi ne sha'awar wurare. Bai tsaya ga abin da ke cikin takarda ba, yana son ya san inda abu ya faru. Ya rubuta littafi a kan Ɗegel, ƙauyen da Shehu ya zauna yana karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Ya rubuta Is'afuz Za'irin, wanda ke nuna wa mai ziyara inda kaburburan malamai da salihai suke. Ya rubuta wani a kan sarakunan Gwandu, ya kuma yi littafin nahawun Fulatanci da Larabci mai suna Marta'ul Azhan.

Duk wanda ya san yadda ƙauyuka ke tashi a ƙasar Hausa, yadda kufai ke komawa gona cikin shekaru kaɗan, zai gane amfanin wannan aiki. Kabarin da ba a rubuta inda yake ba, da zarar tsohon da ya san shi ya rasu, shi ke nan.

Tafiye-tafiyensa ma bai bar su sun wuce haka ba. Ya rubuta labarin zuwansa Agadas, garin da Shehu ya taɓa zuwa a lokacin da yake bin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, haka kuma ya rubuta na zuwansa Sudan. Rubuce-rubucensa, na zube da na waƙa, sun kai gommai.

Baƙi a zauren waziri

A farkon shekarun 1960 wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Murray Last, ɗalibi a Jami'ar Ibadan, ya isa Sakkwato domin binciken digirinsa na uku. Malaminsa shi ne H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta aka san shi da Abdullahi Smith, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a shekarar 1970.

Waziri Junaidu ya karɓi wannan ɗalibi, ya buɗe masa littattafai da wasiƙun gidan, ya kuma zauna da shi yana warware masa abin da ya shige masa duhu: wane ne wannan da aka ambata da laƙabi kawai, wace shekara ce wannan wasiƙa da ba ta da kwanan wata, wane gari ne wannan da ya sauya suna.

Ba kowane mai gado ke yin haka ba. A wurare da yawa a Afirka ta Yamma, iyalai kan kulle irin waɗannan takardu a adaka, saboda tsoron a ɗauke su ko a yi amfani da su a wata rigimar sarauta, har gara da ɗigar ruwan damina su gama da su.

Last ya kammala kundinsa a shekarar 1964, kuma ya gina shi ne musamman a kan tarihin sarautar waziri. A shekarar 1967 ya fito a matsayin littafi mai suna The Sokoto Caliphate. A wannan shekarar dai wani tsohon Razdan na Sakkwato, H. A. S. Johnston, ya fitar da nasa mai suna The Fulani Empire of Sokoto, wanda shi ma ya yawaita kafa hujja da Junaidu.

Sunayen littattafan biyu sun isa su nuna inda aka rabu. Ɗaya yana kallon daular a matsayin mulkin wata ƙabila, ɗayan kuma a matsayin halifanci da aka kafa bisa tsarin Musulunci. Sunan da Last ya zaɓa shi ne ya zauna a jami'o'i, a Nijeriya da ƙasashen waje, kuma hujjojin da suka tsayar da shi daga ɗakin karatun waziri suka fito.

Haka abin yake ga Jean Boyd, wata malamar makaranta 'yar Birtaniya da ta shafe shekaru masu yawa a Sakkwato. A gidan waziri ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u, kuma da taimakonsa ta fahimci tsarin 'yan taru, wato matan da Asma'u ta riƙa horarwa tana tura su ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jajis domin karantar da 'yan uwansu mata. Littafin Boyd a kan rayuwar Asma'u ya fito a shekarar 1989.

Inda ake da ja

Duk da haka, tarihin da ya fito daga gidan waziri tarihi ne na gidan waziri. A cikinsa Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa sukan fito ne a matsayin abokan gaba ko waɗanda suka warware alkawari. Mutumin Tsibiri ko Maraɗi ko Argungu yana da nasa labarin a kan waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma ba lallai ya yi daidai da na Sakkwato ba.

Haka kuma bayin da suka noma gandayen sarakuna, da talakawan da ke biyan haraji, da mutanen Satiru, ba su da murya sosai a cikin wasiƙun fada, domin ba su ne ke rubuta su ba.

Masana na baya sun faɗaɗa fagen. Marigayi Yusufu Bala Usman, a bincikensa kan Katsina da aka wallafa a shekarar 1981, ya duba tattalin arziki da zaman jama'a kafin jihadi da bayansa, ya kuma ƙi yarda a taƙaita labarin ga Fulani da Haɓe. Shi kansa Last, a rubuce-rubucensa na baya, ya koma kan batutuwan da littafinsa na farko bai zurfafa a cikinsu ba, kamar halin bayi da na waɗanda suka bijire wa daular.

Batun asalin Fulani ma haka yake. Ruwayar da malaman Sakkwato suka gada, wadda ke danganta su da Uƙubatu, masana tarihi da na harsuna a yau suna ɗaukar ta a matsayin labarin asali irin wanda al'ummomi da yawa ke da shi, domin binciken harshe ya nuna Fulatanci ɗan uwan harsunan Serer da Wolof ne na yankin Senegal.

Wannan bai rage darajar aikin Junaidu ba. Masu yi masa gyara ma, da takardun da ya adana suke kafa hujja.

Dokar 1959

Akwai lokacin da tarihi ya maimaita wa ɗan irin tambayar da ya yi wa uban.

Gab da samun mulkin kai, Birtaniya ta matsa wa gwamnatin Jihar Arewa lamba a kan ta sake tsarin shari'ar laifuka, musamman bayan hukumar Willink ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba. A shekarar 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Kwamitin ya ba da shawarar a yi kundin dokar laifuka guda ɗaya ga kowa, bisa samfurin na Sudan, a bar wa shari'ar Musulunci al'amuran aure da gado da makamantansu.

Gwamnati ta san cewa kundin ba zai karɓu ba sai malamai sun sa albarka. Don haka aka miƙa daftarin ga wani kwamitin malamai, kuma Waziri Junaidu ne ya shugabance shi. Sun bi shi sashe-sashe, aka yi gyare-gyare, sannan majalisa ta zartar da shi a shekarar 1959, ya fara aiki a 1960.

Ranar da Arewa ta karɓi mulkin kanta kuwa ita ce 15 ga watan Maris na 1959, shekara 56 daidai da ranar Giginya.

Masu kare matakin na cewa shi ne abin da zai yiwu a wancan lokaci: kotunan alƙalai sun ci gaba da aiki, an kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci, an kuma kauce wa abin da zai jinkirta 'yancin Arewa. Masu suka kuwa na ganin a nan ne aka ƙarasa abin da Lugard ya fara. Wannan ra'ayi na biyu ya sami ƙarfi bayan rasuwar wazirin, lokacin da jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar laifuka ta Musulunci a ƙarshen 1999, wasu jihohi 11 kuma suka bi baya, cikinsu har da Sakkwato.

Wazirin ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin malaman da gwamnatin Arewa ke komawa gare su. Yana cikin waɗanda aka ɗora wa jagorancin ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam tun kafuwarta a Kaduna a shekarar 1962. Zama tsakanin fadar Sarkin Musulmi Abubakar da ofishin Firimiya Ahmadu Bello ba abu ne mai sauƙi ba, ganin tsohuwar tsamar da ke tsakanin mutanen biyu tun takarar sarauta ta 1938, amma ya yi aiki da kowannensu.

Bayan Sardauna

Juyin mulkin 15 ga watan Janairun 1966 ya kawo ƙarshen wannan zamani. A shekarar 1967 aka raba Arewa zuwa jihohi shida, Sakkwato ta zama hedikwatar jihar Arewa maso Yamma. Ba da jimawa ba aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara.

A daidai wannan lokaci ne martabarsa ta ilimi ta ƙara fitowa. A farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Jawabin da ya yi a wurin bikin ya daɗe ana ambatonsa, domin bai tsaya ga godiya ba. Ya nuna wa masu sauraro cewa jami'ar da suke taƙama da ita dashe ce da aka ɗauko daga wata al'ada, saiwarta tana can, kuma muddin ba ta haɗu da ilimin da ƙasar ta gada ba, za ta riƙa yaye mutanen da suka zama baƙi a cikin jama'arsu.

Ya taimaka wajen tsayar da hukumar tarihi ta jiha a Sakkwato, wadda ke tattara tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi. Daga baya aka sa wa hukumar sunansa.

Shekarun sun zo da wata sabuwar muhawara. Wa'azin Sheikh Abubakar Gumi da kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a shekarar 1978 sun sa an shiga jayayya a kan ɗariƙu da ziyarar kaburbura. Junaidu mutumin Ƙadiriyya ne kamar kakanninsa, kuma littattafansa na ziyara sun fito ne daga wannan tarbiyya. Ko wanda bai yarda da ziyarar ba, idan yana neman inda wani malamin jihadi yake kwance, ga littattafan zai koma.

Ya ga rasuwar Sarki Abubakar a farkon watan Nuwamban 1988, da rikicin da ya biyo baya, lokacin da aka fara jin sunan Muhammadu Macciɗo, sannan gwamnatin soja ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi, abin da ya jawo tarzomar da aka rasa rayuka a birnin. Ya kuma ga ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe Dasuƙi a watan Afrilun 1996, ta naɗa Macciɗo. A lokacin ya kai shekara 90.

Ya rasu bayan wata tara. Ɗansa Usman ne ya gaje shi, kuma a shekarar 2017 rawanin ya koma kan wani ɗan nasa, Farfesa Sambo Wali Junaidu, masanin adabin Larabci.

A shekarar da ya rasu, madaba'ar Jami'ar jihar Michigan da ke Amurka ta fitar da kundin rubuce-rubucen Nana Asma'u, wanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka fassara. Mafi yawan takardun da suka yi aiki da su, daga gidan waziri da ke Giɗaɗawa suka fito.